Ɗalibai masu hazaƙa da bukukuwan al'adu a jami'a

Jaridar nan na ganin kuskure ne jami'o'inmu su bar bukukuwan al'adu a hannun ƙungiyoyin ɗalibai kaɗai, alhali masu neman digiri mai daraja ta ɗaya suna ƙaurace musu, wai don gudun ɓata lokaci. A Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, ɗaliban wasan kwaikwayo sun daɗe suna fita cikin Samaru, su saurari koken mazauna garin, sannan su mayar da shi wasa a gabansu. Wannan ma karatu ne, kuma lacca ba ta bayar da shi. Ɗalibin da ya shirya dandali, ya sasanta makaɗa da 'yan rawa, ya riga ya fara koyon shugabanci.

Hukumomin jami'o'i su ware wa bukukuwan kuɗi a kasafinsu, su kuma riƙa ba mahalarta maki.