A Daina Cewa Hausa Ba Ta Da Kalmomin Golf



Ya isa haka nan. Littafi bayan littafi, ana miƙa wa Alhaji sandar golf don kawai a nuna yana da kuɗi. Ka tambayi marubucin wace iri ce, sai ya ce ai Hausa ba ta da kalmomin. Lalaci ne wannan.

Sanda mai kan ƙarfe iri biyu ce. Akwai ta zubi: a narka ƙarfe a zuba, a rarake bayanta, nauyi ya koma gefe. Ko ka kuskure tsakiya ƙwallo zai tafi. Ita ce ta ɗan koyo, kuma kamfanin Ping ne ya yi suna da ita. Akwai ta ƙira: a gasa ƙarfe mai laushi a yi ta bugunsa, irin wadda Mizuno ke yi a Hiroshima. Kanta ƙarami ne, ba ta rufa asiri. Ka kuskure, hannunka ne zai fara gaya maka. Shi ya sa gwanaye ke zaɓenta.

Zubi, ƙira, uwar maƙera, masaba, zugazugi: wanne ne aro?

Ka tsaya a Ƙofar Nassarawa. In ka fita waje za ka kai filin golf na Kano, in ka shiga gari ga maƙera. Ka je duka biyun ka yi tambaya. Alhajin da ya sayi ta ƙira bai iya bugu ba, ai ka riga ka sami halinsa.

Mai ja, ga fili nan.