'Yan ci-rani a New Bell: mai masauki ya fara gajiya

Da an kammala girbi, matasa daga Garoua, Maroua, Kano da Maraɗi kan kamo hanyar Douala, wasu ta jirgin ƙasan da ke tasowa daga Ngaoundéré. Mafi yawansu New Bell suke sauka, unguwar da Jamusawa suka ware wa baƙar fata gab da yaƙin 1914, wadda ta zama zangon baƙi. Dako a Marché Central, gashin soya, yankan farce, gadi da tuƙin bensikin, su ne abin yi kafin damina ta kira su gida.

Abin da ke riƙe da wannan tafiya shi ne mai masauki. Shi ke ba baƙo tabarma, ya tsaya masa wajen neman aiki, ya ajiye masa kuɗi. Idan ciwo ya kama shi ko rai ya yi halinsa, a masallaci ake haɗa gudummawa.

Sai dai nauyin ya ƙaru. Faɗuwar naira tun Yunin 2023 ta sa sefa ta ƙara jan 'yan Najeriya, ambaliyar 2024 a yankin Yagoua kuma ta raba dubban iyalai da gonakinsu. A daidai lokacin, litar fetur ta tashi daga sefa 630 zuwa 730 a 2023, sannan 840 a 2024. Mai masauki da kansa yana fama da haya da cefane.

Ga batun takardu. Kamaru ba ta cikin CEDEAO, don haka ɗan Nijar ko Najeriya da zai daɗe sai da katin zama. Wanda ba shi da shi, ko an hana shi ladansa, tsoron zuwa wurin hukuma yake. Mafi ƙarancin albashi na sefa 60,000 da aka tsayar a 2023 bai kai ga mai aikin yini ba.

Tun 2014 CNPS ta buɗe inshorar sa-kai ga masu sana'ar kansu, amma wanda zai yi wata biyar ya tafi da wuya ya shiga. Saboda haka aikin ya koma kan sarakunan unguwa, limamai da ƙungiyoyin 'yan kasuwa: su riƙa rubuta sunan kowane baƙo da garinsu, su kafa asusun jinya na dindindin, su sa wakili mai jin Faransanci da zai raka wanda aka zalunta. In ba haka ba, ranar da masu masauki suka rufe zaure, kwanan kasuwa ne zai tarbi yaran.