Bututun Gas Na Sahara Da Abin Da Illela Ta Gani A 2023

Tun a shekarar 2002 Nijeriya da Aljeriya suka rattaba hannu a kan takardar fahimtar juna domin shimfiɗa bututun iskar gas da zai ratsa hamadar Sahara. Tsarin shi ne bututun ya tashi daga yankin Warri, ya bi ta Jamhuriyar Nijar, ya dire a Hassi R'Mel da ke Aljeriya, tafiyar kilomita 4,128, yana ɗaukar kubik mita biliyan 30 a shekara zuwa kasuwannin Turai. An sabunta alkawarin a Abuja a 2009, aka sake yin haka a 2022 bayan da yaƙin Rasha da Yukiren ya sa Turawa neman gas ido rufe.

Ya kamata jama'armu su san cewa taswirar aikin ta bi ta Kano ne, ba ta biyo ta Sakkwato ko Illela ba. Ɓangaren da ya shafi Arewa shi ne bututun Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano, mai tsawon kilomita 614, wanda Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikinsa a watan Yunin 2020. Hakazalika, gas ɗin bututu na tashoshin lantarki ne da masana'antu da kamfanonin takin zamani, ba irin wanda uwargida ke durawa a tukunyar girki ba. Ribar manomin albasa a nan ita ce wuta da taki, idan sun samu.

To, me ya haɗa Illela da wannan batu? Idan za a iya tunawa, bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Yamai, ƙungiyar ECOWAS ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi. Aka rufe kan iyakar Illela da Birnin Ƙonni, manyan motoci suka yi cirko-cirko, ciniki ya tsaya tsakanin dangi. A farkon Agusta kuma Nijeriya ta katse wutar da take tura wa Nijar ta layin Birnin Kebbi, alhali kimanin kashi 70 cikin 100 na lantarkin ƙasar daga Nijeriya yake zuwa. Sai a Maris na 2024 aka ba da umarnin buɗe iyaka da mayar da wuta.

A ganina, wannan ne babban raunin aikin na Sahara, fiye ma da tsadarsa. Kilomita 841 na bututun za su kwanta ne a cikin ƙasar Nijar. Jiya makunni yana hannunmu. Gobe famfon zai kasance a hannunsu. Ga shi Nijar ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025, don haka duk wata yarjejeniya sai an ƙulla ta kai tsaye tsakanin Abuja da Yamai, tare da sharaɗin cewa saɓanin siyasa ba zai taɓa gas ba. Mai zuba jari zai nemi ganin wannan a rubuce kafin ya saki ko sisi.

Ga shugabannin ƙananan hukumominmu, abin bibiya shi ne ranar da gas zai fara isa tashoshin lantarki na Kaduna da Kano, da kuma ƙarfin layin da zai kawo ƙarin wutar zuwa Sakkwato.