Yaushe Fitilar Mota Ta Zama Kayan Gabas?

Idan ka taɓa bin hanyar Keffi zuwa Abuja bayan sallar isha'i, to ba sai na yi maka dogon bayani a kan mota mai ido ɗaya ba. Za ka hango haske guda yana tahowa, ka ɗauka babur ne, ka ɗan kauce kaɗan yadda za a ba ɗan acaba hanya. Sai ya iso dab da kai sannan ka gane ashe mota ce sukutum, rabinta a ɓoye cikin duhu. A da, nakan ɗora laifin duka a kan direbobi, in ce sakaci ne da ganganci. Yanzu kam na sassauta, kuma abin da ya sa na sassauta ya faru ne a gidanmu da ke unguwar Yara.

Kawuna ma'aikaci ne a Abuja, amma iyalinsa suna nan Keffi. Kamar dubban ma'aikatan da ke zaune a Masaka da Mararraba, yakan fita tun da duku-duku, ba ya dawowa sai dare ya yi. Bayan ya daɗe yana tari, ya sayi mota 'yar Kwatano, irin masu fitila farare tas kamar hasken walƙiya. Ba ta shekara a hannunsa ba fitilar hagu ta mutu. Ya ce in raka shi wajen mai wayarin, a zatonsa aikin minti goma ne, a zare ƙwai a sa wani. Mai wayarin ya buɗe bonet, ya leƙa, ya sake leƙawa, sannan ya ce, "Alhaji, ai wannan ba ta da ƙwai." Kawu ya yi dariya, ya zaci zolaya ce. Ni ma da na koyi Hausa da girmana, kuma a bakin makanikai na fara jin ana kiran gulob da sunan ƙwan fitila, sai na tsaya ina tunanin yadda za a yi fitila ta rasa ƙwai.

Ashe gaskiya mutumin ya faɗa. A motocin da iyayenmu suka sani, irin su Fijo 504 da aka riƙa harhaɗawa a Kaduna, inda kamfanin ya fara aiki a 1975, fitila abu uku ce kawai: gilashi, da kwanon da ke mayar da haske, da ƙwai mai siririyar waya a ciki. In wayar ta ƙone, direba da kansa yakan zura hannu ta baya ya sauya. Daga baya Turawa suka fito da ƙwan zenon, wanda kamfanin BMW ya fara sa wa motocinsa a 1991. Shi wannan ba waya ce ke ci a cikinsa ba, iskar gas ce, kuma kafin ta kama sai an buga mata wutar da ta haura bolt 20,000. Saboda haka yana da wani ɗan akwati nasa na daban da ke haɗa masa wannan wuta, wanda shi ma yakan lalace. Sannan aka zo kan fitilar LED, wadda Lexus ta fara fitowa da ita a fitilar gaba a 2007. A yawancin irin waɗannan, 'yan ƙwayoyin da ke ba da hasken a manne suke da allon lantarki, an rufe su ruf a cikin gidan fitilar, an liƙe. Idan abu ɗaya ya mutu, to duka gidan za a cire a jefar. Kuma kafin a kai ga cire shi, a motoci da yawa sai an kwance bamba gaba ɗaya. Wasu ma bayan an ɗaura sabuwar sai an jona kwamfuta an sanar da ƙwaƙwalwar motar, in ba haka ba ta ƙi karɓa.

Ba zan ƙi faɗin gaskiya ba, fitilar zamani ta fi ta da haske, ba ta cin batir sosai, kuma ta fi ƙwai daɗewa nesa ba kusa ba. Masu kare ta kan ce ai an yi ta ne ta rayu iyakar rayuwar motar, don haka babu buƙatar a bar ƙofar sauya ta. To amma rayuwar motar a hannun wa? Wanda ya saye ta sabuwa a Amurka ko Jamus ya more ta shekaru, ya sayar. Mu da ta iso hannunmu ta riga ta tsufa, wata ma hatsari ta yi a can aka gyara. Daga nan sai ta haɗu da zafin watan Maris na Keffi, alhali zafi shi ne babban abokin gabar kayan lantarki. Ga ramukan hanya da ke girgiza ta, ga ruwan damina da ke shiga ta duk inda ta tsage. Murfinta ma ba gilashi ba ne, roba ce, wadda rana ke mayar da ita rawaya, ƙurar hunturu ta kankare ta har hasken ya dushe. Wato dai alƙawarin da aka yi wa mai ita na farko, mai ita na uku ne ke biyan kuɗin karyewarsa.

Batun kuɗin kuwa ba a cewa komai. Duk waɗannan kaya daga waje ake shigo da su, da dala. Kafin Babban Banki ya saki naira a watan Yunin 2023, dala ɗaya tana wajen naira 460 a farashin gwamnati. A farkon 2024 ta haura 1,500. Mai wayarin ya buga waya Apo a Abuja, ya buga wa wani a Ladipo ta Legas, kuɗin da aka faɗa wa Kawu na fitila guda, wadda aka ciro daga jikin wata motar, ya zarce kuɗin makarantata na shekara. Kuma babu mai ba shi tabbacin za ta yi wata shida. Wannan tsada ce ta sa ɓarayi suka mayar da hankali kan fitilu da madubai, har ta kai masu motoci suna zana lambar mota a jikinsu don su yi wuyar sayarwa.

To me talaka zai yi? Ɗayan biyu ne. Ko ya ci gaba da tafiya da ido ɗaya yana wasan ɓuya da jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra, ko kuma ya faɗa hannun masu dabara. Su kuma sai su gasa gidan fitilar har liƙin ya saki, su farke, su cusa wani ƙwai mai araha, su mayar su liƙe da gam. Wasu kuma masu tsofaffin motoci, don kwaɗayin farin haske, sukan sayi ƙwan LED na kasuwa su sa a kwanon da ba don shi aka ƙera ba. Sai hasken ya watsu ko'ina, ya bar kwalta ya koma idon mai tahowa. Wanda aka kashe wa ido shi ma ya ƙure tasa don ramuwa, makafi biyu ke nan suna tunkarar juna a guje. Duk wanda ya hau motar haya da dare zuwa Akwanga ya san wannan.

A nawa ra'ayin, fitila ba ado ba ce irin kujerar fata ko rediyo, ɗaya take da birki. Abin da ran mutane ya rataya a kansa bai kamata a ƙera shi ta yadda sai mai hali ne zai iya gyarawa ba. A jihar Massachusetts ta Amurka, jama'a sun kaɗa ƙuri'a a 2012 suka tilasta wa kamfanonin motoci su ba ƙananan gareji bayanan gyara irin waɗanda suke ba dilolinsu. Mu ba mu da ƙarfin da za mu juya kamfanonin waje, na sani. Amma Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki tana iya tsare ƙofa ta hana shigo da ƙwayayen banza masu kashe ido. Kwalejojin fasaha suna iya koya wa yaran gareji gyaran allon fitila, kamar yadda matasanmu suka ƙware a gyaran wayar hannu ba tare da kowa ya zata ba. Jami'an hanya kuma, tara kaɗai ba za ta kunna fitilar da mai ita ba shi da kuɗinta ba, ko da yake ban ce a ƙyale kowa ya yi ta yawo a duhu ba. Mai shirin sayen mota shi ma, kafin ya tambayi yawan man da take sha, ya tambayi mai wayarin ko fitilarta tana da ƙwai.

Kawu dai bai yarda an farke tasa ba, bai kuma sayi ta Legas ba tukuna. Motar tana nan a ƙofar gida an lulluɓe ta da tamfol, ba ta fita sai Asabar da Lahadi da rana. Sauran kwanaki, ƙarfe biyar na asuba yana tasha yana jiran motar haya.