Rikicin Yana Kan Kujerar Bitrus

Kiristan Nima da ya bi ta Kawukudi yakan ga kubbobin Masallacin Ƙasa na Gana, wanda aka buɗe a 2021 bisa fasalin Masallacin Sultan Ahmad na Istanbul. Daura da wancan na Istanbul Aya Sofiya take, inda a 1054 Kadinal Humbert ya ɗora takardar korar Babban Bishop Mika'ilu a kan bagade. Paparoma Leo na 9 da ya aike shi kuwa ya riga ya rasu!

Masu cewa gardamar gurasa marar yisti ce ta raba ikilisiya, rufa-rufa suke yi. Kan iko aka rabu. Otodoks sun yarda bishop na Roma babban wa ne, amma sun ƙi ya zama sarkinsu. Duk da haka a 1870 Majalisar Batikan ta ce yana da iko kai tsaye bisa kowace ikilisiya. A 1965 Paparoma Bulus na 6 da Atinagoras suka janye la'anar, dokar 1870 kuwa tana nan daram. Shi ya sa firist na cocin Kizito a Nima da takwaransa na Otodoks a Akra ba sa hawa bagade ɗaya. A 1995 Yohanna Bulus na 2 ya nemi shawara kan riƙon kujerar. Har yau ba a soke ko layi ɗaya ba.