A BA MUGU BAKIN MAGANA

Akwai wata cuta da ta kama masu tsara mana wasanni da ƙagaggun labarai, wadda in ba a yi mata magani ba za ta bar adabinmu yana ɗingishi. Cutar kuwa ita ce tsoron mugu. Da zarar ɗalibi ya tsara wasa ya ba ɓarawo ko azzalumi dama ya faɗi dalilinsa da bakinsa, sai ka ji an yi masa ca, wai yana koya wa yara ɓarna. Saboda haka marubutanmu suka koma ƙera wani irin mugu mai jajayen idanu da dariyar ƙeta ba gaira ba dalili, ya yi ta ta'asa, a kama shi a shafin ƙarshe, a rufe da nasiha. Ni a ganina wannan ragwanci ne kurum aka naɗa wa rawanin tarbiyya.

Mu fara da kakanninmu, waɗanda ba wanda zai ce ya fi su kishin tarbiyya. Wane ne tauraron tatsuniya? Gizo ne, maƙaryaci, mahandami, wanda ko matarsa Ƙoƙi ba ta tsira daga cutarsa ba. Amma a bayansa ake goya mu tun daga "ga ta nan" har "ƙurunƙus". Tare da shi muke aron fuka-fukan hankaki mu tafi cin ɓaure a tsakiyar ruwa, muna jin yadda haɗama take raɗa masa a kunne, har hankakin su ƙwace gashinsu su bar shi a can. Yaron da ya ji wannan ya ɗanɗani haɗama daga ciki, ya kuma ga inda take kai mutum.

Haka abin yake a wasanninmu na kwaikwayo na gargajiya. A kalankuwa, wadda samarin karkara kan yi bayan an kau da amfanin gona, akan naɗa sarki da alƙali da 'yan doka, a gurfanar da mai laifi, shi kuma ya kare kansa iyakar wayonsa. A tashe, yaro kan manna gemun auduga ya fito a malamin da aka kama yana rawa, yana ta musu. In aka hana waɗannan mutane baki, ina sauran wasa? Turawa ma sun gano haka. A 1974 a Amurka, Gary Gygax da Dave Arneson suka fito da Dungeons & Dragons, wasan da 'yan wasa kan zauna kowa ya ɗauki halin mutum guda a cikin labari, ɗaya kuma ya riƙe ragamar labarin, shi ne bakin dodanni da miyagu. A shekarun 1980 wasu iyaye da malaman coci suka yi ta zargin wasan da koyar da tsafi, amma har yau ana yin sa a duniya.

A rubutaccen adabi kuwa, dubi Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East, ɗaya daga cikin littattafan da gasar 1933 ta haifar a Zariya. Abubakar ya aikata mummunan abu, ya nemo asiri ya mai da ɗan Malam Shehu ɓarawo. Amma sai da aka nuna mana yadda mai dukiya ya raba shi da Zainab, muka bi shi cikin wahalar neman fansa, sa'an nan muka ga abin da ƙullatar zuci take haifarwa. Haka Abdulƙadir Ɗangambo ya yi a Kitsen Rogo, inda muka bi Ibrahim daga ƙauye zuwa birni har ya faɗa cikin ɓarayi. Wa ya karanta waɗannan ya tashi da sha'awar sata?

Daɗin daɗawa, sau da yawa mai riƙe da alƙalami shi ke zaɓen mugu. Misali na nan a garinmu Ɗanbatta. Ɗantunku ya karɓi tuta a zamanin jihadi. Da Ibrahim Dabo ya hau gadon Kano a 1819, sai ya ƙi yi masa mubaya'a, aka shiga yaƙi na wajen shekara biyar, har Bature Clapperton da ya zo Kano a 1824 ya tarar ana cikinsa. A ƙarshe Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya tabbatar wa Ɗantunku da ƙasarsa. In ka ji labarin daga fadar Kano, ɗan tawaye ne. In ka je Kazaure, nan kusa da mu, shi ne ya taso daga Ɗanbatta ya kafa masarauta. To, ɗalibin da zai tsara wasa a kan wannan yaƙi ya hana Ɗantunku magana, tarihi ya rubuta ko fadanci?

Masu suka za su ce in aka ƙawata hujjar mugu, mai rauni zai ruɗu. Amsata ita ce, sauraron mai laifi daban, wanke shi daban. Alƙali ma sai ya ji ta bakin wanda ake ƙara kafin ya yanke hukunci. Haɗarin gaske yana wajen mugun nan mai jajayen idanu, domin ba wanda ya taɓa gamuwa da shi a kasuwa. Mugun da muka sani mai fara'a ne, yana sahun gaba a masallaci. Alal misali, ɗauki attajirin da kan saye gero da dawa da kaka a kasuwar Ɗanbatta, ya kulle a sito, sai damina ta yi tsakiya rumbuna sun ƙare ya sayar wa manomin da ya noma shi ninkin kuɗinsa. Ba shi baki a wasanka. Zai ce kasuwanci ne, bai tilasta wa kowa ba, iyali gare shi, in bai saya ba wani zai saya. A nan ne mai kallo zai ji gabansa ya faɗi, domin ya san wannan murya, wataƙila ma ya taɓa jin ta a zuciyarsa. Hausawa sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Aikin marubuci shi ne ya sa mutum ya dubi tudun da yake tsaye a kai.

Mu da muke ajin nan, gobe mu ne alƙalai da manyan ma'aikata da masu rabon takin zamani. Ba ɗayanmu da zai wayi gari ya ce yau zan zama azzalumi. Da 'yan ƙananan dalilai masu daɗin ji ake farawa, kuma wanda bai taɓa jin su a dandali ba, ba zai gane su ba ran da suka zo masa a ofis. Don haka ina kira ga masu tsara wasannin ƙungiyarmu: ku ba mugu suna da uwa da uba, ku ba shi hujja mai ƙarfi, sa'an nan ku bar aikinsa ya kama shi a gaban jama'a. Allah Ya sa mu dace, amin.