Iyo Da Karatu: Wanne Ne A Gaba?

Jama'a, akwai wata magana da na daɗe ina so in kawo gaban malamai 'yan'uwana, watau maganar ɗalibin da Allah ya yi wa baiwar wasa, ga kuma littafi yana jiransa. Misalin da zan kawo daga Amurka yake, inda jami'o'i ke da tafkunan iyo na kansu, suna kuma yin gasa da juna kowace shekara a ƙarƙashin wata hukuma da ake kira NCAA.

Wata yarinya, Missy Franklin, tana da shekara 17 ta ci lambar zinariya 4 a wasannin Olamfik na Landan cikin 2012. Nan da nan kamfanoni suka yi mata caa da tayin kuɗi. A wancan zamani kuwa dokar NCAA ta hana wanda ya karɓi kuɗin talla ya yi wa jami'a gasa. Yarinyar nan ta kau da kai, ta shiga Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a 2013, ta yi musu iyo shekara biyu kafin ta mai da shi sana'a. To, a ƙarshen 2018, tana da shekara 23 kacal, ciwon kafaɗa ya fid da ita daga ruwa. Ashekarar da ta biyo ta gama digirinta a Jami'ar Jojiya. Ita ma Katie Ledecky haka ta yi. Da ta komo daga Riyo da zinariya 4 a 2016 sai ta wuce Jami'ar Stanford. Ta bar yi musu gasa a 2018 don ta shiga neman kuɗi, amma ba ta bar aji ba, har ta sami digiri kan ilmin halayyar ɗan Adam kafin Olamfik na Tokyo a 2021.

Kada wani ya zaci abin da sauƙi. Doka ta ce kada horo ya wuce awa 20 a mako, amma fa ba a lissafa tafiye-tafiye da jinyar rauni a ciki. Tun da asuba ɗaliba tana ruwa, daga nan sai lacca, da la'asar ta sake komawa, da dare ga aikin malamai. Duk wanda ya taɓa koyar da ɗalibin da gyangyaɗi ke ɗiba ya san abin da nake nufi.

Waɗansu za su ce wauta ce a ƙyale dukiya saboda takarda. Lalle tsohuwar dokar akwai danniya cikinta, kuma an kyauta da aka sassauta ta a watan Yuli na 1 ga 2021, har ɗalibi ya sami damar cin amfanin sunansa yana makaranta. Amma a ganina wannan ya ƙara wa littafi kishiya ne. Sa'an nan kuma Ledecky nawa ke akwai? Galibin masu iyo na jami'a, ranar gasarsu ta ƙarshe ita ce ranar sallama da ruwa, babu talla, babu albashi, suna 'yan shekara 22 ko kusa da haka.

Ni dai da irin wannan ɗaliba za ta zo ofishina neman shawara, ba zan tambaye ta daƙiƙa nawa take so ta rage a mita 200 ba, wannan aikin mai horad da ita ne. Zan tambaye ta fannin da za ta karanta da shekarar da take nufin gamawa, in rubuta a takarda, ta sa hannu.